Darasi: Gano Ciwon Dajin Ƙoda a Jikin Kyanwa

Kyanwa tana da ƙoda biyu a saman cikinta, ɗaya a kowane gefe na ƙashin baya. Ta dama ta ɗan fi shigewa ƙarƙashin haƙarƙari, ta hagu kuma tana ɗan baya da ita. A jikin babbar kyanwa mai lafiya tsawon kowace ƙoda yakan kama daga santimita 3 zuwa 4.3, wato ba ta kai ƙwan zabuwa ba. Ita ce ke tace jini ta fitar da dattinsa cikin fitsari, ita ke daidaita ruwa da gishirin jiki, tana da hannu wajen riƙe ƙarfin bugun jini, sannan tana sakin wani sinadari mai suna eritiropoyetin wanda ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

Ƙodar kyanwa ba ta manne da bangon ciki sosai kamar ta kare, tana ɗan reto. Saboda haka likitan dabbobi yakan iya kama ta tsakanin yatsunsa ta bayan fata, ya ji girmanta da santsinta. Sau da yawa ta wannan hanya ake fara jin cewa ƙoda ta kumbura, ko ta yi gargada, ko ta yi tauri. Daga nan aikin bincike yake farawa, domin cututtukan da ke kumbura ƙodar kyanwa suna da yawa, kuma ƙari yana cikin waɗanda ba a cika haɗuwa da su ba.

Ire-iren ƙarin da ke kama ƙoda

Ƙari tsiro ne na ƙwayoyin jiki da suka daina bin ƙa'idar hayayyafa. Wani yakan tsaya inda ya tsiro, ba ya yaɗuwa. Wani kuma mugu ne, yana cin naman da ke kusa da shi, yana kuma bin jini ko hanyoyin kaluluwa ya sauka a wasu sassan jiki. Wannan na biyun shi ake kira ciwon daji ko kansa. A ƙodar kyanwa, mugun ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Wanda aka fi gani shi ne limfoma, ciwon daji na wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait. Asalinsa ba daga naman ƙoda yake ba, ƙwayoyin cutar ne ke cika ƙodar har ta kumbura. Yawanci yakan kama ƙoda biyun a lokaci guda, ko da a hannu ɗaya ce ta fi girma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1987 kan kyanwoyi 28 masu limfomar ƙoda ya nuna rabinsu suna ɗauke da ƙwayar cutar FeLV, kuma a kusan kashi 40 cikin 100 cutar ta haura zuwa ƙwaƙwalwa ko laka. Ita wannan ƙwayar FeLV, William Jarrett da abokan aikinsa ne suka gano ta a Jami'ar Gilasgo a 1964. A ƙasashen da gwaji da rigakafinta suka yaɗu, yawan masu limfoma da ke ɗauke da ita ya ragu ƙwarai, amma inda kyanwoyi ke yawo a sake ba rigakafi, dole a riƙa tuna ta.

Sauran nau'o'in su ne waɗanda suka tsiro daga naman ƙodar kansa, kuma su ne masu wuyar samu. A 1999 aka wallafa sakamakon wani bincike da ya tattara bayanan kwalejojin likitancin dabbobi huɗu da wani babban asibiti mai zaman kansa, daga 1992 zuwa 1998. Duk tsawon waɗannan shekaru, kyanwoyi 19 kawai aka tabbatar suna da irin wannan ƙari. A cikinsu 13 kasinomar ƙoda ce, wadda ke tsirowa daga siraran bututun da ke tace fitsari. Uku sun tsiro daga shimfiɗar kwarmin ƙoda, inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara mafitsara. Sauran ukun kowane nau'insa daban: nefroblastoma ɗaya, hemanjiyosakoma ɗaya, wato ciwon dajin bangon jijiyoyin jini, sai adenoma ɗaya, wadda ita kaɗai ce ba muguwa ba. A cikin waɗanda aka bincika jikinsu gaba ɗaya, kashi 64 cikin 100 cutar ta riga ta yaɗu. Masu ƙarin kwarmin ƙoda kuwa, babu wadda ta tsira daga yaɗuwar.

Akwai wani abu a wannan bincike da ya fi alƙaluman nan jan hankali. Da aka sake duba naman kyanwoyi 20 da aka fara da su a ƙarƙashin madubin likita, sai da aka gyara sunan cutar a guda takwas. Ƙwararru ne suka yi karatun farko, ba 'yan koyo ba. Abin da mutum ba ya gani sai jefi-jefi, yana da sauƙi ya ba shi sunan wani abin da ya saba gani.

Nefroblastoma ta bambanta da sauran ta wajen asali. Tana tasowa ne daga ragowar naman da ƙoda ta ginu da shi tun dabba tana cikin mahaifa, shi ya sa aka fi tsammaninta a ƙananan dabbobi, ko da yake an same ta a manyan kyanwoyi ma. A jikin yara ana kiran ta da sunan Max Wilms, likitan fiɗa ɗan Jamus da ya yi bayaninta a 1899. Haka kuma ƙari yakan taso daga wani wuri, kamar huhu, ya sauka a ƙoda. Idan haka ta faru, ƙodar masauki ce kawai, tushen cutar yana can wani waje.

Abin da mai kyanwa yake gani

Alamomin farko ba sa nuna ƙoda kai tsaye. Kyanwa takan rage cin abinci, ta rame, gashinta ya dakushe, ta yawaita kwanciya. Wata tana amai. Idan ƙoda biyun sun taɓu, sai a ga tana yawan shan ruwa da yawan fitsari, bakinta yana wari, wani lokaci har da gyambo a dasashi ko harshe. Jini a fitsari yakan bayyana, musamman idan ƙarin ya kai kwarmin ƙoda, sai dai ciwon mafitsara ya fi kawo wannan alama sau da yawa. Kasinoma ta fi kama tsofaffi, masu shekara goma ko fiye. Limfoma kuwa ba ta da wannan iyaka, tana kama matasa da tsofaffi.

Ƙarin da ke ƙoda ɗaya yakan daɗe a ɓoye, saboda ɗayar tana ɗauke aikin duka. Mai kyanwa ba ya ganin komai sai ciki ya fara turowa ta gefe guda, ko kuma cutar ta kai huhu numfashi ya canza.

A wannan mataki ne ake yawan ɓata bincike da magani. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen da dikulofenak suna ƙara lalata ƙodar da ta riga ta raunana. Deksametazon da firednisolon kuwa suna kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci: kyanwar ta warware, ƙodar ta sace, a ɗauka an yi nasara. Idan aka zo ɗibar samfuri bayan haka, sai a tarar ƙwayoyin sun farfashe ba a iya karanta su, kuma idan cutar ta dawo takan fi taurin kai ga magani. Don haka likita yana tambayar duk abin da aka ba dabbar kafin a kawo ta, kuma shi ma ba ya ba da irin wannan magani sai ya ɗebi abin da zai ɗiba.

Cututtukan da ke kama da ƙari

Kafin a ambaci ciwon daji, sai an kawar da abubuwan da suka fi shi yawa. Tambayoyi biyu ne ke buɗe hanya: ƙoda ɗaya ce ta kumbura ko biyun, kuma kyanwar wace iri ce, shekarunta nawa.

Kyanwar Fasiya mai dogon gashi da jinsunan da suka haɗa jini da ita suna gadon wata cuta da ake kira PKD, wadda ke cika ƙoda biyun da jakunkunan ruwa masu girma a hankali. Idan uwa ko uba yana da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonta. Kafin a fara tantance masu haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan jinsi suna ɗauke da ita, kuma a 2004 aka gano ainihin gurɓacewar ƙwayar gado da ke jawo ta. A hannu irin wannan ƙoda tana da ƙulli-ƙulli kamar mai ƙari, amma hoton sikan yana raba gardama nan take.

Wata cuta mai suna FIP ta fi wuyar rabuwa da limfoma. Wata ƙwayar korona ta kyanwa ce ke haddasa ta, ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma nau'inta marar tara ruwa a ciki yakan yi ƙulle-ƙulle a saman ƙoda biyun. Zazzaɓin da ba ya jin magani, kumburin cikin ido da hauhawar furotin gulobulin a jini suna karkata zato gare ta. A da, FIP hukuncin kisa ce. Daga 2019, bayan da Niels Pedersen da tawagarsa a Jami'ar Kalifoniya ta Debis suka nuna maganin GS-441524 yana warkar da ita, bambance su ya zama maganar rai da mutuwa.

Tsakuwa ma tana toshe bututun da ke sauke fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Mafi yawan irin wannan tsakuwa a kyanwa ta kalsiyam okzalet ce, wadda ba ta narkewa da magani. Fitsari ya taru a baya, kwarmin ƙoda ya buɗe, ƙodar ta cika ta yi girma. Sau da yawa likita yakan tarar da ƙoda ɗaya babba ɗaya 'yar mitsitsiya: ƙaramar ta toshe tun da daɗewa ta ƙanƙance, babbar kuma ta girma ne don ɗaukar aikin biyu, ko kuwa ita ma yanzu ta toshe. Wanda ya yi gaggawar cire babbar da sunan ƙari, ya cire wadda kyanwar ke rayuwa da ita ke nan.

Sauran sun haɗa da ruwan da ke taruwa tsakanin ƙoda da fatar da ta lulluɓe ta, wanda aka fi gani a tsofaffin muzurai, da ƙurji mai mugunya, da ciwon ƙwayoyin bakteriya da ya hauro daga mafitsara, da kumburin da guba ke kawowa, irin ta furen lili ko ruwan sanyaya injin mota.

Gwajin jini da fitsari

Babu wani gwajin jini da ke cewa ga ƙari a ƙoda. Amfaninsa shi ne nuna yawan aikin da ya rage wa ƙodar, da kuma ko dabbar za ta jure allurar barci da fiɗa.

Ana auna kiriyatinin da yuriya, datti biyu da ƙoda ke fitarwa. Sai dai ba sa hawa sosai sai kusan kashi 75 cikin 100 na aikin ƙoda biyun a haɗe ya tafi. Kyanwa mai kasinoma a ƙoda ɗaya tana iya zuwa da sakamako mai kyau sarai, alhali rabin cikinta ƙari ne. Ramammiyar kyanwa kuma kiriyatinin ɗinta yakan yi ƙasa saboda ƙarancin tsoka, ya ɓoye lalacewar. Wani sinadari a jini mai suna SDMA kuwa yana hawa da wuri, kuma rama ba ta cika shafar sa ba. Ƙungiyar IRIS ta ƙwararrun likitocin ƙodar dabbobi ta kasa ciwon ƙoda mai daɗewa mataki huɗu: ƙasa da miligiram 1.6 na kiriyatinin a kowace desilita mataki na ɗaya, 1.6 zuwa 2.8 na biyu, 2.9 zuwa 5.0 na uku, abin da ya haura 5.0 kuma na huɗu. A limfoma wannan lissafi yana bukatar hattara, domin kiriyatinin mai yawa yakan sauko idan magani ya rage ƙwayoyin da suka cunkushe ƙodar.

Fitsarin kyanwa mai lafiya yana da kauri, ma'auninsa yakan wuce 1.035. Idan ya tsinke alhali jikinta a bushe yake, ƙoda ta kasa riƙe ruwa. Ana kuma duba jini, furotin da ƙwayoyin cuta a cikinsa. Ba kasafai ake ganin ƙwayoyin ƙari a fitsari ba, don haka rashin ganinsu ba ya wanke ƙodar.

Ƙidayar jajayen ƙwayoyin jini takan ba da labari iri biyu. A jikin kyanwa suna ɗaukar kashi 30 zuwa 45 cikin 100 na jini. Da yawa daga masu ciwon ƙoda jininsu yana raguwa. Amma wata kasinomar takan riƙa zubo da eritiropoyetin babu ƙaƙƙautawa, sai adadin ya haura 60, jini ya yi kauri, dasashi ya yi ja wur, har kyanwar ta fara tangaɗi ko farfaɗiya. Idan an tabbatar ba bushewar jiki ba ce, ba kuma ciwon zuciya ko na huhu ba, to wajibi ne a leƙa ƙoda. Alamar ba ta da yawa, amma idan ta bayyana tana da ƙarfi, kuma takan gushe bayan an cire ƙodar mai ƙari.

Ana haɗawa da gwajin FeLV da na wata ƙwayar cutar kyanwa mai suna FIV, waɗanda ɗigon jini ya ishe su, da kuma auna hawan jini. Ma'aunin sama da ya tsaya a 160 ko fiye yana iya ɓalle tantanin ido ya makantar da kyanwa, yana kuma ƙara haɗarin zubar jini idan an soka allura a ƙoda.

Hoto

Hoton eksire yana nuna girman ƙoda da surarta daga waje. Ana gwada tsawonta da na ƙashi na biyu a jerin ƙasusuwan gadon baya na wajen ƙugu, mai lafiya takan yi ninki 2 zuwa 3 nasa. Tsakuwar kalsiyam ma tana fitowa fara a hoton. Cikin ƙodar dai ba ya nunawa.

Hoton sikan shi ne ginshiƙin wannan bincike. Da shi ake bambance ruwa da nama, a ga ko kwarmin ƙoda ya buɗe, a ga ko tsarin ɓawon ƙodar da cibiyarta yana nan ko ya rushe. Kasinoma yawanci curi ɗaya ce a ƙoda ɗaya, ta ture naman kirki gefe, cikinta a cakuɗe da matattun wurare da daskararren jini. Limfoma takan kumbura ƙoda biyun gaba ɗaya, ko ta yi ƙulle-ƙulle masu duhu. Akwai kuma wata alama da masu ɗaukar hoto ke nema: wani baƙin zobe siriri da ke zagaye ƙodar a ƙarƙashin fatarta. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa cikin kyanwoyin da aka ga wannan zobe, kusan takwas cikin goma limfoma ce. Ragowar biyun su ne dalilin da ba a fara maganin ciwon daji da hoto kaɗai, domin FIP da kasinoma ma suna iya yin zoben.

Ba a ɗage na'urar sai an bi cikin duka: hanji, hanta, saifa, kaluluwar ciki, da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, wadda ƙarin ƙoda kan iya kutsawa cikinta. Kaurin bangon hanji tare da kumburarriyar kaluluwa yana ƙara nauyin zaton limfoma, kuma wani lokaci ya fi sauƙi a ɗebi samfuri daga can.

Allura da madubi

Sunan cutar ba ya tabbata sai an ga ƙwayoyinta. Hanya mafi sauƙi ita ce tsotso da siririyar allura. Ana ba kyanwar maganin da zai kwantar da ita, a aske gefen cikin, a bi hoton sikan a soka allura mai lamba 22 zuwa 25 a ɓawon ƙoda ko a cikin curin. Ba a zurfafawa zuwa cibiya, saboda a iyakar ɓawo da cibiya manyan jijiyoyin jini suke. Abin da ya shiga allurar ana shafa shi a gilashi, a busar a iska, a rina da Gimsa ko makamancinsa.

Limfoma tana ba da kanta cikin sauƙi ta wannan hanya. Ƙwayoyinta ba su manne da juna ba, suna zubowa da yawa, kuma a madubi ana ganin gilashin ya cika da manyan limfosait iri ɗaya, kowace ta fi farar ƙwayar jinin da ake kira nutrofil girma. Sau da yawa wannan ya isa a fara magani ba tare da yanka ba. A FIP kuwa gaurayen ƙwayoyin kumburi ake gani, nutrofil da makrofaj, kuma ana iya aika samfurin don neman ƙwayar korona a cikinsu.

Kasinoma ta fi wahala. Ƙwayoyinta suna fitowa a dunƙule, wasu a jere kamar yadda suke a bututun ƙoda, kuma idan ƙarin bai yi nisa da asalinsa ba, sukan yi kama da na ƙoda mai lafiya. Ƙodar kyanwa ma tana da wata ɗabi'a da kan ruɗi wanda ya saba da ta kare: ƙwayoyin bututunta cike suke da ɗigon kitse, har ɓawon yakan yi rawaya-rawaya, musamman a muzurun da ba a dandaƙe ba. Wannan ba cuta ba ne. Hemanjiyosakoma kuwa jini kawai take bayarwa. Idan sakamakon allura ya dawo babu ƙwayoyin ƙari, abin da ya nuna shi ne allurar ba ta same su ba, bincike bai ƙare ba.

Mataki na gaba shi ne gutsuro nama da allura mai kauri, ko ta hanyar fiɗa. Kafin a yi, ana tabbatar jini yana daskarewa yadda ya kamata, an kuma sauko da hawan jini. Ba a yin sa a ƙodar da ta cika da fitsari ko mugunya. Idan ana zaton ƙarin shimfiɗar kwarmi ne, ana ƙara taka-tsantsan, domin ƙwayoyinsa suna iya bin sawun allura su tsiro a bangon ciki. Shi ya sa idan curi ɗaya ne a ƙoda ɗaya, an kuma kawar da limfoma, likitoci da yawa sukan zaɓi cire ƙodar gaba ɗaya tare da bututunta, a aika ta ɗakin gwaji. Fiɗar ta zama magani, ta kuma zama hanyar sanin sunan cutar.

A ɗakin gwajin nama, masani yana duba tsarin ƙarin a yanka siriri. Nefroblastoma tana da siffa ta musamman, domin takan haɗa abu uku wuri guda: tarin ƙananan ƙwayoyi masu duhu, da bututu da matatun da ba su gama ginuwa ba, da naman da ke riƙe su. Inda siffa ba ta wadatar ba, ana amfani da rini na musamman da ke kama furotin ɗaya tak. CD3 yana nuna limfosait nau'in T, CD20 da PAX5 suna nuna nau'in B, wanda shi ne ya fi yawa a limfomar ƙodar kyanwa. Saitokeratin yana tabbatar da cewa ƙarin daga ƙwayoyin shimfiɗa yake, PAX8 yana nuna asalinsa ƙoda ne, yuroplakin yana nuna kwarmin ƙoda, WT1 yana goyon bayan nefroblastoma, CD31 kuma jijiyar jini. Idan aka tuna da takwas ɗin nan cikin 20, neman masani na biyu ya sake duba gilashin ba raini ba ne ga na farko, musamman idan sunan da aka rubuta na baƙon ƙari ne ko bai dace da abin da aka gani a jikin dabbar ba.

Iyakar yaɗuwa da ƙarfin ɗaya ƙodar

Sanin sunan ƙari bai isa a ɗauki wuƙa ba. Ana ɗaukar hoton ƙirji ta fuska uku, dama da hagu da kwance, domin huhu yana cikin wuraren da kasinoma ta fi sauka. Hoton CT ya fi eksire ganin ƙananan ƙulle-ƙulle, yana kuma nuna wa mai fiɗa ko ƙarin ya kama jijiya ko tsokar baya. A limfoma ana lura da tafiyar kyanwar, da idanunta, da hancinta, saboda alaƙar da aka sani tsakanin limfomar ƙoda da ta ƙwaƙwalwa da ta kogon hanci.

Nan ne hanya take rabuwa biyu. Limfoma cutar jiki duka ce, kuma ana ɗauka tana ƙoda biyun ko da ɗaya ce ta nuna. Cire ƙoda ba ya maganinta, sai ma ya rage wa dabbar abin da take taƙama da shi. Ana yaƙar ta da haɗin magunguna irin su binkiristin, saikulofosfamaid da firednisolon, wasu likitocin kuma suna ƙara saitarabin saboda yana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Kasinoma da nefroblastoma da sauran masu curi ɗaya ba su cika jin waɗannan magunguna ba, fiɗa ce babbar hanyarsu.

Fiɗar kuma tana rataye ne a kan ƙodar da za ta rage. Tsofaffin kyanwoyi da yawa suna da ciwon ƙoda mai daɗewa tun kafin ƙari ya zo, kuma gwajin jini yana auna aikin ƙoda biyun ne a haɗe. Hanyar da ke raba aikin kowace ita ce hoton da ake ɗauka bayan an yi allurar wani sinadari mai ɗan haske na nukiliya, teknishiyam 99m, a ga yawan abin da kowace ƙoda ta tace. Wannan na'ura sai a manyan cibiyoyi ƙalilan. Inda babu ita, ana haɗa shaidu: girman ɗaya ƙodar da tsarinta a hoton sikan, kaurin fitsari, kiriyatinin da SDMA bayan an ƙara wa dabbar ruwa, da hoton da ake ɗauka bayan allurar rini mai aidin don ganin ko ƙodar tana fitar da shi. Idan kiriyatinin ya riga ya hau alhali ƙari a ƙoda ɗaya yake, wannan shaida ce cewa ɗayar ma ba lafiyayya ba ce, kuma sai an faɗa wa mai dabbar haka ƙarara kafin a yanke shawara.

Kula da samfuri

Yawancin ƙananan asibitocin dabbobi suna iya taɓa ciki, su ɗebi jini da fitsari, su shafa gilashi. Karatun nama kuwa sai an aika wani wuri. A arewacin Nijeriya, asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, su ne wuraren da ake dosa da irin wannan aiki. Tafiya mai nisa cikin zafi tana lalata samfurin da ba a shirya shi da kyau ba.

Nama ana saka shi nan take a fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kuma yawan ruwan ya ninka girman naman sau goma. Fomalin ba ya ratsa nama mai kauri da sauri, don haka ƙodar da aka cire ana tsaga ta yadda kaurin kowane yanki ba zai wuce santimita 1 ba, a haɗa da iyakar da ƙari ya haɗu da lafiyayyen nama, da guntun bututun fitsari, da kaluluwar da ke kusa. Tsakiyar babban ƙari sau da yawa matacce ne, ba ya karantuwa. Ba a daskarar da naman a firiza, domin ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin. Gilashin da aka shafa da allura kuwa ba ya shiga firiji, kuma ba a haɗa shi a kwali ɗaya da kwalbar fomalin, saboda tururinsa kaɗai yana hana ƙwayoyin karɓar rini. Takardar da ke rakiyar samfurin tana ɗauke da shekarun kyanwar da jinsinta, ƙodar da aka ɗiba ta dama ce ko ta hagu, abin da hoto ya nuna a ɗayar, sakamakon FeLV, da sunan duk maganin da aka ba ta tare da ranar da ta sha na ƙarshe.